Wasiƙar Malam

Aikina rubuta manhaja ne. A cikin abubuwan da na fi rubutawa akwai ɗan layin da ke rufe shafin neman gurbi idan agogo ya buga 11:59 na dare. Ban taɓa tunanin wanda ke bayan ƙofar ba sai a 2021.

A shekarar ne ƙanwata, autarmu, ta nemi tallafin karatun likitanci a ƙasar waje. A nan gida ba a cika tambayar wasiƙar shaida ba. Makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO su ne ke magana. Can kuwa sai malamai biyu sun shaidi ɗalibi, kuma ba a hannunsa za su damƙa wasiƙar ba. Saƙon imel ake tura wa malamin, shi zai ɗora da kansa.

Da Babbar Sallah, a watan Yuli, malaminta na Bayoloji ya shigo Batsari gaisuwa. An riga an mayar da shi Safana. Da ya ji burinta sai ya ce, "Kawo takarda in rubuta yanzu, tunda ga ni."

Ni na hana. Na ce, "Malam, a bari sai an buɗe shafin, kada kwanan watan ya tsufa." Ya dube ni ya ce, "To, ku ne 'yan kwamfuta." Ita kuwa kunya ta hana ta cewa uffan. A wajenmu yarinya ba ta matsa wa malaminta, balle ta musa wa yayanta a gaban baƙo.

An buɗe shafin a farkon Satumba. Cikin kwanaki kaɗan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindigar dajin Rugu da kewaye, har da Batsari da Safana da Dutsin-Ma. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Na ɗauko ta zuwa Katsina muka cike nata ɓangaren a dare ɗaya. Malami na biyu yana cikin birni, ya ɗora tasa. Imel ɗin Malam kuwa yana can yana jiran mutumin da bai ma san an aiko ba.

Sai muka koma irin ta kakanni. Na rubuta 'yar takarda, na kai tasha, na ba wani direba da kuɗin goro. Ta farko ta ɓace. Ta biyu ta isa, amma a lokacin ba kullum ake bin hanya ba, sai an ji labarin lafiyarta. Kowace safiya ƙanwata kan tambaye ni, "Yaya, saura kwana nawa?" alhali ta fi ni sani.

Malam ya iso kwana biyu bayan rufewa, ƙura har gira, da wasiƙa shafi biyu da ya rubuta da biro, ga hatimin makaranta. A ciki ya ba da labarin yadda ta riƙa tara 'yan ajinsu a zauren gidanmu tana yi musu bita lokacin da aka rufe makarantu bayan sace ɗaliban Ƙanƙara. Ni kaina ban san ta yi haka ba. Da na karɓa tun Yuli, ko ba komai ina da abin da zan haɗa in roƙa da shi kafin wa'adi. Na tura roƙon duk da haka. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, irin wadda nake rubutawa.

Ta sake zana JAMB, yanzu tana karatun likitancinta a nan gida. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo.

A wurin aiki na nemi a raba wa'adin ɗalibi da na mai shaida, a ƙara wa malamai mako biyu. Aka yi ta ja, aka ba ni kwana biyar. Wasiƙar Malam tana cikin jakar takardunta, tare da takardar haihuwa.