Lokacin da Alkama Take Baƙuwa a Gidanmu

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyukan ƙasar Kano a shekarun 1960 zai tuna cewa ba carar zakara kaɗai ke tashin mutum da asuba ba, har da amon taɓarya, na wannan gida yana amsa wa na wancan, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya suna lugude, ana surfen geron fura, ana ɓarzar dawar tuwon dare, kaji na zagaye suna jiran dusa. Da safe koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya da aka ɗiga wa man shanu. Da rana fura da nono a ƙwarya, ludayi na yawo daga hannu zuwa hannu. Da dare tuwon dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, yara maza akushi ɗaya, mata nasu, ba wanda ke tambayar me aka sa a ciki domin a gaban idonmu aka sheƙe shi, aka daka, aka tuƙa. In kaka ta yi a gasa mana tumu mu murje a tafin hannu, mu hure ƙaiƙayin, mu watsa a baki yana da zafinsa.

Yau jikata mai shekara tara ba ta cin komai a gidan kowa sai uwarta ta yi tambaya.

Ba wai ba mu san alkama ba ne a lokacin. Mun san ta, amma sanin baƙuwa mai daraja wadda ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma. Sunan ma daga Larabci muka aro shi. Da sanyin hunturu ake shuka ta a fadama, a ɗan fegin da bai fi tsakar gida ba, ana ba ta ruwa da jigo guga-guga, don haka ba ta yawa balle ta zama abincin kullum. Sai ranar Sallah za ka ga funkaso da miyar taushe, sai an kai garar amarya za ka ga alkaki yana ƙyalli da zuma, gurasa kuwa ta mutanen birni ce, taliya kuma da hannu tsofaffi ke murza ta sili-sili su shanya a kan kara. Burodi tsaraba ne. In mahaifinmu ya dawo daga birni da guda ɗaya, Inna ce ke rabawa, kowa ya samu abin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, mu riƙa gutsura kaɗan-kaɗan don kada namu ya riga na wani ƙarewa.

Samari, ku da kuka buɗe ido kuka ga teburin mai shayi a kowace kwana, ku sani abin bai daɗe ba. A 1962 babban injin niƙan fulawa na Apapa a Legas ya fara aiki da alkamar da jiragen ruwa ke kawowa. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka kafa wani a Kano, gidajen burodi suka bazu har garuruwan da ko wutar lantarki ba su da ita. An gina madatsar ruwa ta Tiga da fatan filayen Kadawa za su ciyar da mu alkamar gida, amma bakin ya riga gonar buɗewa. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi guda a kan yadda Nijeriya ta faɗa tarkon alkama. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, bayan shekara biyar aka janye hanin, domin harshen da ya saba ba ya jin doka. Daga nan Indomie ta shigo ta kama yara, Semovita ta zauna a kwanon da tuwon dawa ke zama. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa.

Wannan duk ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da aka yaye jikata. Tun daga lokacin cikinta bai zauna lafiya ba: gudawa mai wari da maiƙo, ciki ya kumbura kamar tulu, hannu da ƙafa sirara, ido ya yi fari, ga ƙyuya da kuka ba dalili. Aka ce haƙori ne. Haƙora suka gama fitowa, aka ce shawara, aka jiƙa saiwoyi. Aka ce tsutsar ciki, aka ba da magani. Aka ce taifod, aka yi allurai. Akwai ma wadda ta ja uwar gefe ta ce a nemi tsari, bakin mutane ne. Mu kuma don tausayi, duk sa'ad da ta ƙi tuwo sai mu lallaɓa ta da biskit da shayi da burodi. Da hannunmu muke ƙara mata ciwon ba mu sani ba. Sai da ta kai shekara shida, ƙanwarta mai shekara huɗu ta kamo ta a tsawo, sannan wani likitan yara ya sa aka yi gwajin jini, daga baya aka zura siririyar na'ura ta baki aka ɗebo ɗan ƙanƙanin naman hanji aka duba.

Ya ce mini, "Baba, ka san danƙon nan da ke sa kwaɓin fulawa ya miƙe ba ya tsinkewa? Shi ake kira gulutin. Shi ne jikinta ke yaƙa." Sunan cutar siliyak. A bangon ƙaramin hanji akwai 'yan gashi-gashi masu yawa kamar na sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Mai wannan cuta in ya ci alkama ko sha'ir ko wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, sai garkuwar jikinsa ta tashi faɗa, ta ɓuge da cinye waɗannan gashin har wurin ya yi sumul kamar tsohuwar tabarma. Abinci ya shiga ya wuce, jiki bai samu rabonsa ba. Daga nan ƙarancin jini, da rashin girma, da raunin ƙashi, wasu har da ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, akasarinsu ba su sani ba, kuma tana bin jini: a cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan uwa na ciki ɗaya na mai cutar, kusan 1 cikin 10 kan kasance da ita. Akwai kuma waɗanda alkama ke kumbura wa ciki ta sa su kasala alhali hanjinsu bai lalace ba. Su ma wahalarsu gaskiya ce, amma ba ɗaya suke da masu siliyak ba, likita ne ke rarrabewa.

Da na tambayi maganin da za a saya, sai ya ce babu ƙwaya, babu allura. Ta bar alkama har iyakar rayuwarta.

Yadda aka gano hakan ma labari ne na yunwa. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamomin cutar tun 1888, ya kuma yi hasashen cewa warakarta na cikin abinci, amma bai kama mai laifin ba. Sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya ɓace a ƙasar Holan mutane suna cin duk abin da suka samu, wani likitan yara mai suna Willem Dicke, wanda dama yana zargin alkama, ya ga yaran da ke fama da wannan ciwo suna murmurewa yayin da kowa ke ramewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. Kuma kada wani ya ce cutar Turawa ce. A 1999 masu bincike daga Italiya suka gwada yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, inda fulawar agaji ta zama abincin yau da gobe, suka samu kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da ita, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani. Likitocin Sudan ma sun rubuta a kanta tun shekarun 1970.

Da likitan jikata ya lissafa abin da za ta iya ci, sai na ji kamar yana karanto mini rumbun kakata: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, rogo, doya, dankali, makani, nono, nama, kifi, zogale, rama. Babu ko ɗaya a ciki mai gulutin. Abin da masu wannan cuta a Turai ke bi kanti-kanti suna nema da tsada, shi ne muka tashi a kansa, muka kuma fara jin kunyar ajiye wa baƙo.

Sai dai sunan abincin ne ya rage yadda yake, cikinsa ya sauya. Ɗanwaken da Inna ke yi da garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, yau a gidaje da yawa fulawa ce zalla. Wata mai waina kan zuba fulawa a ƙulli don ya yi auki. Mai ƙosai kan soya fanke a man da za ta soya ƙosan. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya, sha'ir ke cikinsa. Babban tarko kuwa injin niƙa na unguwa: yanzu aka sauke alkamar wani mai ciwon suga, yanzu za a zuba geronka, kuma abin da ya maƙale a bakin injin ya isa. Ƙa'idar duniya ta ce kafin a kira abinci marar gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Burbushin burodi a kan wuƙa ya isa ya tayar wa jikata da ciwo.

Saboda haka kakarta ta sa aka sassaƙo sabon turmi. Ranar da ta fara surfe a tsakar gidanmu na birni, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya. Yarinyar na da tukunyarta, da muciyarta, da rariyarta, da kaskonta, ba a haɗa su da na kowa. Cikin wata shida kumatu suka fito, cikin ya saɓe, ta fara tsere da sa'o'inta a hanyar Islamiyya.

Ba zan ce zamaninmu ya fi na yanzu komai ba. Mun ga farin 1973, mun ga rumbu ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, mun ga tafin hannun iyayenmu mata ya yi kanta saboda taɓarya. Yara da yawa sun tafi da ciwon ciki ba a san sunansa ba, kuma da jikata a gidan attajirin birni aka haife ta a wancan lokaci, inda gurasa ba ta yankewa, babu gwajin da zai cece ta. Alkama kuma ba dafi ba ce ga akasarin mutane. Ni kaina ina cin funkasona ranar Sallah.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba girkin ba ne, zaman cin ne. Mu mutane ne da ƙin cin abincin wani ke nufin raini ko zargi. In mun je suna ko biki, sai ka ji wata ta tura wa jikata cincin tana cewa, "Haba Hajiya, ɗan wannan me zai yi mata? Ai sai ku sa yarinya ta zama mai tsirfa." Ita kuma ta sunkuyar da kai, ta buɗe 'yar robar dambun da aka zubo mata daga gida, tana ci a gefe alhali sa'o'inta sun zagaye faranti ɗaya. Wata rana ta ce mini, "Alhaji, ku da kuna yara kowa kwanonsa daban?" Na ce, "A'a amaryata, akushi ɗaya ne." Tun daga ranar na ce a riƙa tuƙa tuwon dawa ko na shinkafa na gida gaba ɗaya kowane dare, ni da ita hannu ɗaya.

Ku sa'o'ina da har yanzu kuka san yadda ake burabusko da tubani da fate da kunun kanwa ba tare da an kai ga buhun fulawa ba, ku koya wa 'ya'yanku mata da maza, akwai gidan da zai buƙata. In mai wannan lalura ya zo gidanku ya ce ba ya ci, kada ku matsa masa, ku faɗa masa gaskiyar abin da aka sa a tukunya. Wanda kuma yake da yaro mai yawan gudawa da kumburin ciki da ramar da ta ƙi jin magani, ko babba mai ƙarancin jinin da ba a gano dalilinsa ba, ya roƙi likita a yi gwajin siliyak. Amma kada a hana shi alkama kafin a ɗebi jinin, domin in an riga an daina ci, gwajin na iya nuna babu komai alhali cutar tana nan.