Kwana Ashirin da Bakwai da Ƙudan Funfuna

Litinin, 8 ga Satumba

Bayan sallar Asuba na zaga inda nake renon iri, gindin katangar gabas, ƙarƙashin rumfar kara. Leda ɗari uku ce, duk ta fiya wata, yara suka tsinto muka wanke muka huda ƙasanta: tumatir 220, attaruhu 80. Na Kawu ne na Kusada, zai dasa su a fadamarsa ta kusa da dam da zarar ruwa ya ɗauke. Can gefe akwai tsofaffin robobi huɗu da uwargida ta shuka rama don kwaɗo.

Tumatir tara na tarar a kwance. Ba bushewa suka yi ba, ganyen shar yake, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar an tsunkule da farce. Da na ɗaga wata leda sai wasu mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe suka tashi, suka ɗan yi shawagi suka koma. Na ce a raina 'ya'yan sauro ne, damina ce.

Talata, 9

Shida sun ƙara faɗuwa. Na kunna maganin sauro a ƙarƙashin rumfar, hayaƙi ya turnuƙe, uwargida tana tari tana cewa, "Malam, kaji za ka kashe mini." Da yamma ƙwarin suna nan kamar ban yi komai ba.

Laraba, 10

Yau na zauna a kan turmi na ƙare musu kallo da gilashin karatuna. Ba sauro ba ne. Girmansu bai wuce ƙwayar riɗi ba, ƙafafu zara-zara, ba su da bakin cizo, kuma ba su iya tashi sosai ba. Sun fi son gudu a kan ƙasa, su shige tsakanin leda da ƙasar su fito ta wani gefen. Ba kuma farin ƙudan nan ba ne mai maƙalewa a bayan ganye yana sa tumatir ya nannaɗe, wanda kowane mai noman rani ya sani.

Na bi wani malamin gona da muke sallah masallaci ɗaya, na kwatanta masa. Tambayar farko da ya yi: "Wane taki ka sa?" Na ce kashin awaki da buntun shinkafa. "Ya ruɓe?" Na yi shiru, don daga garke na kwaso shi kwana uku kafin shuka. "Sau nawa ake ban ruwa?" Na ce safe da yamma. Ya yi dariya ya ce, a watan Satumba, a inuwa? Ya ce ƙudan funfuna ne. Funfunar da ke tsirowa a jikin ɗanyen taki mai laima ita ce abincin 'ya'yansa, kuma wanda nake gani yana tashi bai cin komai a jikin shuka. Ɓarnar tana ƙasa. Ya ce in yanka dankalin turawa in kifa a kan ƙasar, in duba bayan kwana biyu.

Alhamis, 11

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun La'asar. Rumfar tana yoyo. Ban hana autana ban ruwan safe ba, don na manta.

Juma'a, 12

Bayan an sauko daga masallaci na ɗaga dankalin. Subhanallahi. A ƙarƙashin yanki ɗaya na ƙirga tsutsa goma sha ɗaya, sirara kamar zaren ɗinki, tsawonsu bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Jikin fari ne garai, har ana hango abincin da ke cikin hanjinsu kamar baƙin layi, kan kuma baƙi ƙirin yana ƙyalli. Na tumɓuke tumatir ɗaya da ya yi yaushi na wanke saiwar a kofi. Ƙananan gashin nan da shuka ke shan ruwa da su babu ko ɗaya, an aske su tas. To ashe shi ya sa suke yaushi alhali ƙasar jagab take, ni kuma ina ganin yaushi ina cewa a ƙara ruwa. Da hannuna nake yi wa ɓarawo shimfiɗa.

Malamin ya ƙara da cewa raunin da tsutsar ke yi wa saiwa ƙofa ce ga cutar ruɓewar gindi, kuma ƙudan kansa yana ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan leda zuwa waccan. Tsukewar da na gani ran Litinin ke nan.

Asabar, 13

Na tara kowa na kafa doka: ba mai zuba ruwa sai ya tura yatsa gaɓa biyu ya ji ƙasa ta bushe. Autana ya ɓata rai, shi a ganinsa tausayi ne yake yi musu. Muka yaye rabin rumfar don rana ta shiga, muka ɗora ledojin a kan bulo da katako, muka ƙara huda su. Waɗanda suka mutu, da ƙasarsu duka, na zuba a buhu na shanya a kan kwanon ɗaki.

Sai tarko. Na yanyanka wata tsohuwar jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, na shafe ta da basilin, na soke a tsinke na kakkafa tsakanin ledoji. Launin yana jan su. Kafin Magariba kowane yanki ya yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa barkono.

Lahadi, 14

Na hau babur zuwa Kusada don in faɗa wa Kawu da bakina tun bai ji a wajen wani ba. Gero ya nuna ko'ina a hanya, wasu har sun fara yanka. Na same shi yana gyaran injin ban ruwa. Ya saurare ni bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, ku 'yan boko kuna renon shuka kamar jariri. Mu a ƙasa muke yafa iri, rana ta dake shi, iska ta kaɗa shi." Bai taɓa ganin ƙudan nan a fadama ba, kuma na yarda da shi. Ƙwaron leda ne da tukunya da inuwa. Sai dai shawararsa ta biyu ban ɗauka ba: wai in diga fiya-fiya a ruwa in yi feshi. Na ce, "Kawu, a tsakar gida fa, ga jikoki ga kaji ga randar ruwa." Kuma ko an fesa, na sama zai mutu, na ƙasa ya ƙyanƙyashe gobe.

Talata, 16

Abin dariya ya faru. Wani abokin autana ya shigo, ya tsaya a kan robobin rama ya zaro ido, ya ja autan gefe yana raɗa. Ashe tambaya yake ko wiwi muka shuka. Ramar uwargida irin mai tsagaggen ganye ce, yatsu biyar, wasu bakwai. Ban ga laifinsa ba, don ko masana tsirrai da suka raɗa mata suna na kimiyya, da sunan tabar wiwi suka haɗa saboda wannan kamannin. Uwargida ta tsinko ganye ta ba shi ta ce ya tauna. Da tsamin ya ratsa shi ya yamutsa fuska ya ce, "Wallahi rama ce, Umma."

Da dare autan ya kawo mini wayarsa, ya ce ya bincika ƙudan a intanet, kuma da yawa daga cikin masu kuka da shi Turawa ne masu shuka wiwi a tukwane cikin ɗaki. A Kanada tun Oktoban 2018 doka ta yarda gida ya shuka har guda huɗu a yawancin lardunan ƙasar, kuma ɗakin da aka rufe, ga ɗumi ga laima, aljannar wannan ƙwaro ce. Na ce masa ya karanta abin da ya shafi ƙwaron ya bar sauran a can. Nan Najeriya shuka ta laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA don irin wannan. Mun ga samarin da ta mayar abin tausayi a tasha, ba sai an ba mu labari ba.

Laraba, 17

Na tsinto 'ya'yan darbejiya, na ɓare, uwargida ta ba ni aron tsohon turmi da sharaɗin ba zai koma kicin ba. Giram 50 na dakakken ƙwallon a kowace lita, kamar yadda malamin ya ce. Na jiƙa ya kwana.

Alhamis, 18

Na tace da tsumma na zuba a gindin kowace shuka a madadin ruwan ranar. Sannan muka rufe saman ƙasar da busasshen yashi mai kaurin yatsa, don macen ta rasa laimar da za ta saka ƙwai. Ɗacin bai bar hannuna ba har tuwon dare.

Litinin, 22

Na kusa karaya. Tarkunan da na sabunta jiya sun sake cika. Na kira malamin, ya ce in yi lissafi mana. Mace ɗaya tana zuba ƙwai sama da ɗari a cikin mako ɗayan da take rayuwa. Ƙwan yana fashewa cikin kwana huɗu zuwa shida, tsutsa ta yi kamar mako biyu tana ci, ta kwanta 'yan kwanaki ta fito da fiffike. Zagaye ɗaya mako uku zuwa huɗu ne, in da ɗumi ma ya fi sauri. Waɗanda nake gani yau tun kafin in kafa doka suke a ƙasa. Ya ce in bar kallon tarko, in koma ga dankali.

Ya kuma ambaci wani magani da ake kira Bti, ƙwayar halitta ce da aka gano a 1976 a wani kududdufi cikin hamadar Negeb, tana kashe tsutsar sauro da danginta, ba ta taɓa mutum ko kaza. Da ita aka riƙa yi wa koguna feshi a shirin yaƙi da makantar bakin kogi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002. Na leƙa wani shagon maganin gona na tambaya, mai shagon ya ce bai taɓa jin sunan ba, ya miƙo mini kwalbar maganin feshin wake. Na gode masa na fito.

Alhamis, 25

Darbejiya karo na biyu. Dankali: tsutsa biyu a yanki shida.

Litinin, 29

Kwana tara ba a yi ruwan sama ba, iskar safe ta fara sauyawa. Na kama autana da buta a hannu yana tura yatsa a leda ɗaya bayan ɗaya, ya wuce wasu bai zuba ba. Ban ce masa komai ba. Na tumɓuke tumatir ɗaya na duba, sababbin saiwoyi farare sun fito sun nannaɗe gindin ledar. Attaruhun ne bai farfaɗo sosai ba, dama shi mai nawa ne.

Asabar, 4 ga Oktoba

Dankali babu tsutsa kwana biyar a jere. Kawu ya aiko mai a-kori-kura da hantsi, muka jera ledojin a kwanduna. Tumatir 171, attaruhu 58. Sittin da tara suka mutu, biyu ni na tumɓuke. Takin baɗi na riga na haƙa masa rami na binne tun jiya, ba zan taɓa shi ba sai ya yi baƙi ya daina wari.