Salansar moto: aikin hannunmu ne, amma barcin unguwa ma namu ne



Mu masu walda ne. Cikin ayyukan da muke ci da iyali da su akwai ƙirar salansar moto, wato bututun nan da hayaƙi ke fita ta cikinshi. Duk sa'ad da wani yaro ya ratsa unguwa tsakar dare motonshi na ruri kamar ana harbi, mu ake zagi da safe: "Ai masu waldar nan ne ke ɓata yara." Shi ya sa munka ce bari mu ma a ji ta bakinmu, mu faɗa muku yadda aikin yake, da inda gizo ke saƙa.

Da fari, mafi yawan masu zo mana ba ƙara suke nema ba. Ɗan kabu-kabu ne da salansarshi ta rube ta huje, ko manomi da ya faɗa rami da buhun gero a baya bututun ya lotse, ko mai haɗa tsohon moto daga ɓaraguzai, inji na Kasea, jiki na wani, babu salansar kanti da za ta zauna mishi daidai. Aikin ya ƙaru sosai a 2023, lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli. Kayan moto da ke shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa sunka yi wuya, sunka yi tsada. A wannan lokacin ne kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, sai mu wuni muna jiran lantarki ko mu koma ga waldar gas. Mutane da yawa sun gane a lokacin cewa hannun ɗan gida na iya yin abin da suke zaton sai kamfani. Ko da anka buɗe iyaka a 2024, da dama ba su daina zowa ba.

Ga yadda ake yi in ana son aiki mai kyau. Salansa kashi biyu ce: akwai wuya, wanda ke fitowa daga kan inji ya lanƙwaso ƙasa, akwai kuma tumbi, babban na baya mai haɗiye ƙara. Kafin mu yanka komi, sai mun auna faɗin bakin tsohuwar da tsawon wuyanta, mu lanƙwasa waya mai kauri a jikin moton don ta zame mana zubi. Bututu kuwa ba a tanƙwara shi haka nan, sai ya tsuke ko ya karye a gwiwa. Cika shi ake da rairayi, a daddaga har ya zauna dam, a toshe baki biyu, a gasa wurin har ya yi ja, sa'an nan a ja shi sannu-sannu. Rairayin nan dole ya bushe ƙayau. In da danshi a ciki, zafi na mai da shi tururi, toshiyar ta harbo kamar harsashi. Shi ya sa da damina muke soya shi bisa faranti kafin mu ɗura.

Sai haɗi. Ƙarfen salansa ba ya da kauri, bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba, waldar lantarki mai ƙarfi kuma huda shi take. Ko dai a yi da gas, ko a rage wuta a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan. A bakin inji a sa sabon zoben tagulla don kada iska ta zurare. A baya a yi mata mariƙi mai ƙarfi, don girgizar hanyoyinmu na tsaga walda. In an gama a tada moto, a toshe bakin da tsumma na ɗan lokaci, a shafa ruwan sabulu a kan kowane haɗi. Inda ya yi kumfa, akwai sauran aiki.

Akwai abu biyu da muke roƙon 'yan uwanmu masu sana'a su kiyaye. Na ɗaya, bututun ruwan famfo mai farin shafe. Yana da arha, amma shafen nan in ya ji wuta yana tada farin hayaƙi mai guba. Wanda ya shaƙe shi da rana, da dare sai zazzaɓi da ciwon ƙirji, a yi ta shan maganin masassara alhali ba sauro ba ne. Na biyu, yaran da muke koya ma aiki. Kada a bar su suna leƙen wutar walda da ido tsirara, ko da gilashin rana na kasuwa. Duk wanda ya taɓa kwana idonshi na mishi kamar an zuba yashi ya san abin da muke nufi.

To, yanzu ga maganar ƙara. Saurayi zai zo ya ce: "Maigida, a fasa mini tumbin nan a kwashe hanjin, ina son in na taso daga Zariya a ji ni a Bagalam." Wai a ganinshi moto zai ƙara gudu. Bari mu faɗa muku gaskiyar abin da muke gani da idonmu. Waɗanda sunka ƙera injin sun daidaita mai da iskar da yake sha da irin salansar da sunka sa mishi. In ka kwashe faifan ciki ka bar bututu holoƙo, ba ka taɓa kafireta ba, sau da yawa iska na rinjayar mai, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Kwance buji ka duba: lafiyayyen inji bakin bujinshi ruwan ƙasa ne, wannan kuwa za ka tarar ya yi fari fat. Daga nan sai bawul ya ƙone, sai a buɗe kan inji. Ƙarfin tashi ma raguwa yake, musamman cikin rairayi ko da kaya a baya. Kunne ne kawai ke ruɗin mai shi: ya ji ruri ya zaci gudu ne. Jikka biyu ko uku da ya biya a ɓata mishi salansa, sai ya biya ninkinta wajen makanike.

Wannan asarar aljihunshi ce, shi ya jiyo. Wadda ta fi damun mu ita ce ta mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Akwai tsoho mai hawan jini da ya samu barci da ƙyar. Akwai mai jego da ta wuni tana lallashin jinjiri. Akwai ɗan kabu-kabun da kanshi, wanda ke wuni bisa wannan ruri daga asuba zuwa isha'i, alhali masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in an daɗe cikinta kullum, tana cin ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Sa'an nan ku tuna da 'yan uwanmu na wajen Madarumfa da Gidan Rumji. A can kukan moto da dare ba abin wasa ba ne, don bisa moto 'yan bindiga ke zowa. Salansar da anka fasa tana yin tas-tas in an sassauta mai, kamar tashin bindiga. Yaro ya dawo daga biki yana nishaɗi, gari guda ya watse cikin daji, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina daɗin wannan?

Haka ma garkuwar nan da ke rufe gefen salansa. Samari na cire ta wai don kyau. Hayaƙin da ke fitowa daga inji zafinshi na kai ɗaruruwan digiri. Ku tambayi mata masu hawan kabu-kabu nawa ne ke da tabon ƙuna a ƙwauri, ku tambayi iyayen yaran da sunka dafa moto bayan an ajiye shi a zaure. Mu in mun ƙera salansa, ko mai ita bai ce ba, da garkuwarta muke ba shi.

Ba za mu ɓoye muku ba, maido aiki akwai ciwo. Ranar da ba ka yi ciniki ba, ga kuɗin cefane na jira, ga yaro ya miƙo kuɗi a hannu, kuma ka san in ka ƙi, rumfa ta gaba za a yi mishi. Duk da haka a rumfarmu mun tsaida magana ɗaya: muna ƙera salansa kowace iri, doguwa ko gajera, mai ɗagaggen baki don masu ratsa ruwa da damina, mai murya ɗan kauri ga wanda ke son haka, amma ba mu sakin tumbi babu hanji. Ana iya sa bututu mai huji-huji a ciki, a naɗe shi da audugar gilashi, moto ya yi murya mai daɗi ba tare da ya tada unguwa ba. In yaro ya nace, mu zaunar da shi mu nuna mishi ƙonannen bawul, don muna ajiye su cikin gwangwani saboda irin wannan rana. Wasu su ji, wasu su tura motonsu su yi gaba.

Shi ya sa abin ya fi ƙarfin rumfa guda. Iyaye, ku ne kuka sai ma yaro moto, kuma a ƙofar gidanku yake kwana, kun fi kowa jin muryarshi. Shugabannin 'yan kabu-kabu, kuna da ikon hana wanda ya fasa salansa tsayawa a tasharku. Masu biki, rakiyar amarya ba ta buƙatar a tada marar lafiya. Mu kuma masu walda, in bakinmu ya zo ɗaya a kowace unguwa, yaron nan ba ya da inda za shi.

Sana'ar nan ta rufa mana asiri, kuma muna son ta rufa ma yaran da ke koyo a hannunmu. Muna so in an ga aikinmu a ce "wa ya yi wannan?" don a kawo mishi wani, ba don a san wanda za a tsine ma ba. Allah Ya sa albarka cikin neman kowa, Ya tsare masu hawa da masu tafiya ƙasa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.