Kalmar da ta sa aka yi mini dariya

Da safe ina zuwa makarantar boko a nan Kumasi, da yamma kuma in zo madarasa. A bara ticanmu na lissafi ya rubuta algebra a allo, ya ce in tashi in karanta. Na buɗe baki na ce "al-ge-ba-ra", da g irin ta gero. Wallahi ajin nan kaf aka kwashe da dariya. Wani yaro ya ce ai 'yan Zango sai Larabci. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Tica ya gyara mini. Ya ce gaɓa uku ce, al-ge-bra, a danna ta farko da ƙarfi, g ɗin kuma j ake faɗinta: al-ji-bra. Ni na mai da ita gaɓa huɗu, don harshenmu ba ya son baƙi biyu a haɗe a farkon gaɓa, sai mun cusa wasali. Haka muka samu burodi.

Da yamma na ce wa Malam ni dai na gaji da boko. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, me ake kiran ɗaurin karaya da ake shafa a kansa wajen alwala?" Na ce jabira. Ya ce to, tushensu ɗaya. Al-jabru shi ne ɗori, wato mai da abin da ya karye wurinsa.

Ya ce wani malami, Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, ya rubuta littafin lissafi a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma al-jabru na cikin sunan littafin. A 1145 aka fassara shi zuwa Latin, daga nan kalmar ta bi hanya har ta shiga Turanci. Ashe j ɗin da na kasa ganewa, jimun ce da na sani tun ina riƙe da allo!

Washegari na ɗaga hannu na faɗa wa aji haka. Tica ya duba ƙamus ya ce gaskiya ne. Yaron nan bai ce komai ba.

Har yau lissafin yana ba ni wuya, amma ban sake cewa zan bar boko ba. Allah Ya saka wa malamanmu na safe da na yamma da alheri, amin.