Ƙasar da Kalma Ɗaya Take Cika Allo

Tun da na dawo daga Norwe, duk wanda ya zo yi mini barka da hanya a Dogon Daji tambayarsa ba ta wuce sanyi da rana. Gaskiya ne, a watan Disamba rana ba ta leƙowa a Oslo sai bayan ƙarfe 9 na safe, kafin 3 da rabi kuma ta faɗi, har mutum ya yi Azahar da La'asar da Magariba kusan a zama ɗaya. Wannan kowa ya je zai ba da labarinsa. Ni malamin Hausa ne, abin da ya kama ni tun daga filin jirgi shi ne allunan da ke rataye bisa kaina, da yadda bakin mutanen yake sarrafa abin da aka rubuta a kansu.

Ƙanena na karatun aikin gona a wani gari mai suna Ås, kimanin kilomita 30 kudu da Oslo. Sunan garin harafi 2 ne. Can arewa, a tsibiran Lofoten inda ake shanya busasshen kifin nan da Ibo suke kira okporoko, akwai ƙauyen da sunansa harafi ɗaya tak, Å, harafin ƙarshe cikin 29 da suke da su. To mutanen da suka iya taƙaitawa haka su ne kuma suke kiran hukumarsu ta shige-da-fice Utlendingsdirektoratet, harafi 22 ba tazara, ba karan ɗori. Takardar izinin zama da kowane baƙo yake fafutukar samu sunanta oppholdstillatelse. Alƙalin alƙalan ƙasar muƙaminsa høyesterettsjustitiarius. Waɗannan ba kalmomin gasa ba ne da aka ƙirƙira don a ba mutane mamaki. A kan ambulan da takardun gwamnati na gan su, a kan teburin ƙanena.

Da farko ido yana ganin su kamar sandar rake, doguwa, ba a san ta inda za a kama ba. Amma mai shan rake ya san ba a tsakiyar ɓawo ake sa wuƙa ba, gaɓa ake nema. Kalmar nan ta hukumar shige-da-fice guntaye ne aka jera: ut, waje, utlending, mutumin waje, sai ɗan harafin s, sai direktorat, hukuma, sai et a ƙarshe, wanda yake aikin da -n ko -r take yi in mun ce hukumar, wato wadda aka sani. Dokar rubutunsu ita ce duk abin da ya zama sunan abu ɗaya a rubuta shi a haɗe, komai yawan guntayensa. Asibiti sykehus, gidan marasa lafiya. Likitan haƙori tannlege. Firiji kjøleskap, kabad mai sanyaya. Filin jirgi lufthavn, tashar ruwa ta iska.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jerin ya saɓa wa namu gaba ɗaya. Bahaushe yana fara faɗin abin, sannan ya bi shi da bayani: tasha, ta jirgi, na ƙasa, tashar jirgin ƙasa. Su bayanin suke farawa da shi, abin kansa sai a wutsiya: jernbanestasjon, ƙarfe, hanya, tasha. Saboda haka wanda yake son ya fahimci doguwar kalma sai ya fara daga ƙarshenta ya dawo baya, kamar mai karatun ajami. Kuma guntun ƙarshen nan shi yake yanke jinsin kalmar duka. A wurinmu motar asibiti mace ce saboda mota ce a gaba. A wurinsu sykehus ta bi jinsin hus, sykebil, motar ɗaukar marasa lafiya, ta bi jinsin bil. Har mahaɗi suna da shi. Ɗan s ɗin nan da ke tsakiyar fødselsdag, ranar haihuwa, da e ɗin da ke tsakiyar barnehage, makarantar renon yara, aikinsu ɗaya da -n ta gidan waya da -r ta farar hula. Inda ka gan su, yawanci nan ne gaɓar da za ka yanka. Da a can aka kafa garinmu, da lang da skog za su haɗa su rubuta Langskog, ba gardama. Mu kuwa har yau wani ya rubuta Dogon Daji, wani Dogondaji, wani ya sa karan ɗori a tsakani.

To ma'ana tana wutsiya, amma murya a kai take sauka. Wannan ne sirrin furucin. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Oslo na fi jin sa, don tashoshin tsakiyar birni a jere suke kuma ana kiran sunan kowace: Grønland, Jernbanetorget, Stortinget, Nationaltheatret. Mai sanarwa yana danna gaɓar farko ta JERN da ƙarfi, ya ɗan taɓa ba da tor, sauran su zubo da sauƙi, t ɗin ƙarshe ma ba a jin ta. STOR-tinget, majalisarsu mai wakilai 169, ma'anarta babban taro, haka take: duka ɗaya mai ƙarfi a gaba. Kowane guntu yana riƙe da ɗan nauyinsa na asali, sai dai ya rusuna wa na farko.

'Yar ƙanena, wadda take aji ɗaya, ita ta nuna mini yadda ake koya musu. Tafi suke yi, kowace gaɓa tafi ɗaya. Na rubuta mata menneskerettighetsorganisasjon, abin da muke cewa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, harafi 30. Ubanta ya karanta mata, ta maimaita tana tafawa: men-nes-ke-ret-tig-hets-or-ga-ni-sa-sjon, gaɓa 11.

Ta ce, “Bappa, na farkon shi ne babba. Sai ka huta a ret, ka huta a sjon.”

Ba ta san ma'anar rabin kalmar ba, amma kunnenta ya riga ya san inda ƙusoshin suke.

Inda harshen Bahaushe yake sarƙewa ba tsawon kalmar ba ne, cunkoson baƙaƙe ne. Gaɓar Hausa iri 3 ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba mu fara gaɓa da tarin baƙaƙe. Shi ya sa muka gyara kalmomin aro suka zauna mana daidai, muka ce burodi, fulawa, sukudireba. Su kuwa kalmar harshe kanta språk ce, baƙi 3 kafin a kai ga wasali. In suka haɗa ta da norsk suka ce norskspråklig, mai jin harshen Norwe, baƙaƙe 6 ne a jere a kan takarda. Bahaushe in ya cusa wasulansa a tsakani, gaɓoɓin sun ƙaru, dukan ya gusa daga wurinsa, mai sauraro ya daina gane kalmar ko da kowane harafi ya fito. Ƙanena ya ce mini, “Yaya, sun fi yafe maka ɓata harafi a kan ɓata wurin dannawa.” Na gwada a shago da tasha, na ga haka ne.

Amma akwai wurare biyu da na ga Bahaushe ya shigo da jarinsa, kuma a nan na fi jin daɗi.

Na farko nauyin gaɓa. A harshen Norwe duk gaɓar da aka danna dole ta yi nauyi: ko wasalinta ya yi tsawo, ko a rufe ta da baƙi. Tak, da dogon wasali, rufin ɗaki; takk, da gajeren wasali da shadda, na gode. Hat ƙiyayya, hatt malafa. Baƙi da yawa suna shan wuya a nan, don kunnensu bai saba ba. Wanda ya tashi yana bambanta gari na zama da gari na tuwo, ya kuma sha bulala a makarantar allo kan madda da shadda, ba ya buƙatar dogon bayani. Mu mutanen ƙasar Sakkwato ma abin a bakinmu yake. Inda Bakano ya ja wasali ya ce jaki, hula, kasuwa, mu sai mu gajarta wasalin mu ninka baƙin: jakki, hulla, kassuwa. Nauyin gaɓar bai canza ba, wurin da aka ɗora shi ne ya canza. Ma'aunin da tak da takk suke hawa ke nan.

Na biyu karin sauti, abin da ban taɓa zaton zan tarar a Turai ba. Suna da kari iri 2 da suke bambanta kalmomi da su. Bønder manoma ne, bønner wake ne, kuma addu'o'i ne. Ba a furta d ɗin manoman, saboda haka baƙaƙe da wasulan duk ɗaya ne a kunne. A bakin mutumin Oslo, manoma suna farawa ƙasa su hau. Wake yana farawa sama, ya gangaro, sannan ya sake hawa. Tanken da karin farko tanki ne, da kari na biyu tunani. Ba su nuna wannan a rubutu, kamar yadda mu ma ba mu nuna bambancin kuka na miya da kuka na hawaye, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Yawancin harɗaɗɗun kalmomi a Oslo kari na biyu suke ɗauka, kuma karin yana miƙewa ya lulluɓe kalmar duka: sama a gaɓar farko, ƙasa a tsawon tsakiya, hawa a ƙarshe. Wannan ne yake sa baƙo ya ce mutanen suna waƙa. Shi ne kuma yake gaya wa mai sauraro cewa duk wannan dogon abu kalma ɗaya ce. Hausa ma da kari take ɗaure nata. Ka saurari dafa a cikin ta dafa shinkafa, ka saurare ta a cikin dafa-duka: a ta biyun karin ya kwanta ƙasa gaba ɗaya. Haka hana-salla, haka tattaɓa-kunne. Su ma suna da irin waɗannan jimlolin da suka dunƙule suka zama suna. Abincin da suka zaɓa na ƙasa a 1972, fårikål, ba komai ba ne illa rago-cikin-kabeji, kuma akwai furen da suke kira forglemmegei, kada-ka-manta-da-ni, ɗan'uwan bar-ni-da-mugu wajen gini.

Tun da tazara tana canza kari da wurin dannawa, tana canza ma'ana. A unguwar Grønland, inda masallatai da shagunan naman halal suke, ana sayar da lammelår, cinyar ɗan rago. A wani shago na ga an raba ta, lamme lår, wanda ke nufin shanyayyun cinyoyi. Røykfritt a haɗe, ba a shan taba a nan. Røyk fritt a rabe, sha tabarka yadda kake so. Ko wurin yanka kalma a ƙarshen layi akwai ƙa'ida: sydamerikaner, mutumin Kudancin Amurka, dole a yanke ta bayan syd, don in aka bari ta kai sydame an ambaci tela mace. Ba su kuma jera baƙi iri ɗaya sau 3: natt da tog, dare da jirgin ƙasa, sai su zama nattog, amma in layi ya raba su t ɗin da ta ɓuya sai ta dawo, natt-tog. Akwai hukumar harshe ta gwamnati, Språkrådet, da take tsara waɗannan. Akwai kuma wata ƙungiya da masu nazarin taurari na Jami'ar Oslo suka kafa, Astronomer mot orddeling, aikinta tattara allunan da aka raba kalma ba daidai ba. Na girmama su ƙwarai. Ciwon da suke ji na san shi, don ina jin sa duk lokacin da na ga an rubuta sunan jaridar da aka kafa a Zariya a 1939 da tafi a haɗe, an mayar da Gaskiya Ta Fi Kwabo umarnin gaskiya ta kama hanya. Mu muna haɗe abin rabawa, mu raba abin haɗewa: ya na, dashi, akan inda ake nufin a kan.

Duk wannan tsanani a kan rubutu ya tsaya. Rubutun ma iri 2 ne a hukumance, Bokmål da Nynorsk, na biyun daga aikin Ivar Aasen wanda ya yi yawon ƙauyuka yana tattara karin harshen talakawa, aka daidaita matsayinsu a 1885. Furuci kuwa ba shi da daidaitacce. Tun 1878 majalisa ta ce a koyar da yara, gwargwadon iko, da irin maganar da suka taso da ita. Ɗan majalisa da mai gabatar da shiri a rediyo kowa da karin garinsu yake magana, ba mai gyara masa. Ni da na ga yadda ake yi wa yaranmu dariya a makarantun kwana don sun ce biyat ko zamna, wannan ya taɓa ni fiye da komai a ƙasar.

Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Ayaba a Oslo ta 'yan boko ba-NAN ce, dukan a ƙarshe kamar yawancin kalmomin aro. A yankin Trøndelag da ƙauyukan gabas BAN-nan ce, an jawo dukan gaba an ninka baƙin, daidai dabarar kassuwa. Na hau jirgin ƙasa zuwa Bergen, tafiyar kusan awa 7 ta kan duwatsu, na tarar karin ya kife: inda Oslo ta fara ƙasa su sama suke farawa, r ɗinsu kuma daga maƙogwaro take fitowa kamar gainin Larabci. A ƙauyukan da ke kewaye da Bergen, da can ƙuryar arewa a Finnmark, karin biyu sun narke sun zama ɗaya, manoma da wake sai jimla ta raba su. Ita ma dokar danna gaɓar farko tana da masu bijire mata. Skomaker, baduku mai takalma, a ma ake danna ta, kuma garuruwan Kristiansand da Kristiansund a gaɓar ƙarshe ake dukansu, inda wasali ɗaya ne ya raba garin da ke can kudu da wanda ke gaɓar teku ta arewa maso yamma.