Faifan da ya kusa cika

Sabar ba ta kuka idan faifanta ya kusa cika. Aikinta take yi shiru har ranar da za ta rasa inda za ta rubuta ko da harafi ɗaya. A ranar nan rumbun bayanai kan tsaya cak, saƙonni su maƙale a hanya. Saboda haka ne wani ma'aikaci a Damagaram, wanda ke kula da sabar da ke ajiye sunayen manoman wata ƙungiya da basussukansu, ya mayar da duba faifai aikinsa na farko kowace safiya.

Kalmar kanta ta yi tafiya mai nisa: daga faifan da mata ke sheƙar hatsi da shi, ta koma faifan garmaho, yau ga ta a cikin kwamfuta.

Umarnin da yake fara bugawa shi ne df -h, tsohon umarni da Linux ya gada daga Unix. Shi ke jera kowane sashe na faifai da girmansa, da abin da aka ci, da abin da ya rage. In ya ga wani sashe ya haura kashi 80 cikin ɗari, sai ya bi sawu da du don ya gano babban fayil ɗin da ke cin wuri. Sau da yawa /var/log ne, inda na'ura ke rubuta tarihin duk motsin da ta yi, ba ta gajiya.

Sai dai lambobin nan ba a yarda da su ido rufe. Tsarin fayiloli na ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari ga babban mai izini, don haka sauran masu amfani kan ji an ce wuri ya ƙare alhali da saura. Akwai kuma fayil ɗin da aka goge amma wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe: sunansa ya ɓace, wurinsa bai dawo ba, df na cewa a cike, du na cewa da fili. Da lsof ake kama mai riƙon. Mafi ban haushi ita ce matsalar inod, wato ɗan katin shaidar da kowane fayil ke da shi. Ƙananan fayiloli masu ɗimbin yawa kan cinye katunan kaf, faifai na da gigabait da dama a banza amma ya ƙi karɓar sabon abu. Wannan df -i ne ke tona shi.

In shara ta kasa, sai faɗaɗawa, kuma aiki biyu ne da sabon shiga kan ɗauka ɗaya ne. Sabar tasa na kan LVM, don haka yakan shigar da sabon faifai cikin rukuni da pvcreate da vgextend, sannan ya ƙara wa sashen girma da lvextend. Nan katanga kawai aka matsar. Tsarin fayiloli bai san an yi ba, sai an sanar da shi da resize2fs, ko xfs_growfs in XFS ne. Duka biyun suna yiwuwa sabar na tsaka da aiki. Duk da haka ba ya taɓa komai sai ya kwafe bayanan zuwa wani wuri, domin wutar lantarki ba ta sallama in za ta tafi, kuma littafin bashin manomi ba abin da ake sake rubutawa daga ka ba ne.

Ba ya kuma zuba duk filin da ya samu a sashe ɗaya. Rage girman ext4 sai an sauke sashen daga aiki, XFS kuwa a aikace ba a mayar da shi baya. Rabi yake bayarwa, ya bar rabi a rukuni ga sashen da zai fara ƙorafi nan gaba.