Sassaƙa Allon Dara a Fadamar Haɗeja

Dara tana ɗaya daga cikin wasannin manya waɗanda ake yi da natsuwa da hangen nesa. A ƙasar Haɗeja, kamar sauran ƙasar Hausa, a ƙasa ake haƙa gidajenta, layi 5, kowane layi gida 6, gida 30 ke nan. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, wannan tsinkaye, wancan tsakuwa. Sai an zuba su duka, an bar gida 6 babu kome, sa'an nan a fara tafiya. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda daga na abokin karawarsa. Jerin huɗu kuwa ba ya ci.

To, amma ƙasarmu fadama ce, kuma abin da aka rubuta a kan ƙasar fadama aro ne daga hannun ruwa. Kogin Haɗeja ya sake hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. A 2020 da 2022 ambaliya ta tayar da jama'a masu yawa a yankunan Auyo da Guri da Kirikasamma. Idan ruwa ya ci gari, ba amfanin gona kaɗai yake ɗauka ba, har da gindin bishiyar da dattawa suke zama, su kuwa dokokin dara a kawunansu suke. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ɗaura niyyar mayar da dara kan itace, yadda za a iya saɓa ta a gudu da ita tare da tabarma da buta.

Aikin farko shi ne zaɓen itace. Giginya da goruba suna da yawa a wajenmu, amma jikinsu zare-zare ne, ba sa karɓar rami. Ƙirya tana da ƙarfi, shi ya sa ake turmi da ita, sai dai nauyi gare ta. Daga ƙarshe na sami katakon maɗaci daga jikin wani tsohon kwalekwale da ya daina shiga ruwa, ba tare da na sare bishiya ba. Wani masassaƙi ya ara mini gizago na daidaita fuskarsa, na ja layuka da zare da gawayi, na rarake gidajen ɗaya bayan ɗaya, na goge, na shafe shi da man gyaɗa don kada ya tsage. Da yake tsinke ba ya kafuwa a katako kamar yadda yake kafuwa a rairayi, sai na musanya shi da ƙwallon dabino, tsakuwa kuma da 'ya'yan tsamiya.

Da na kai allon majalisa, wani dattijo ya juya shi, ya yaba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, darar ƙasa ba ta da mai ita. Wannan kuwa, ran da aka ci ka, sai ka naɗe abinka ka tafi." Maganarsa gaskiya ce, domin haka na bar allon a hannunsa, ya zama na majalisa.

Kirana ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, allo yana tsare gidajen dara ne kawai, ba ya tsare iliminta. Sunayen dabaru, da habaicin da ake jefa wa juna, da bambancin doka daga gari zuwa gari, duk suna bukatar a bi masu su a rubuta tun suna raye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ikon yi, amin.